Taron otal ba zai haɗa mu da maƙwabta ba, a buɗe wa yara aji

Jama'a salamu alaikum, yau kam zan yi magana ko da wasu za su ji haushina. Duk sanda aka ce za a yi taron zaman lafiya tsakaninmu Hausawan Sudan da maƙwabtanmu a Gadarif ko Kasala ko Damazin, fuskokin nan dai su ne, umda da nazir, wato sarakunan gargajiya, da ɗan siyasa da wani usta, wato malamin boko, mai kwat, a zauna a otal a sha shayi da ruwan gora, a ɗau hoto ana riƙe da hannun juna a watsa a Facebook, a tashi kowa ya karɓi kuɗin mota ya kama gabansa. Ni ban raina sulhu ba fa, judiyya, wato sulhun gargajiya, al'adar ƙasar nan ce kuma ajawid, dattawan da ke shiga tsakani, sun sha tare jini tun kafin a haife mu. Amma dan Allah ku duba, wanda yake ɗaukar adda da jarkar fetur ranar da abu ya ɓaci ai ba ya cikin otal ɗin nan, yaro ne ɗan sha bakwai sha takwas wanda bai taɓa zama benci ɗaya da ɗan wata ƙabila ba, duk abin da ya sani game da su a saƙon murya na WhatsApp ya ji shi.

Ba wanda ya manta Yulin 2022 a jihar Nil Azrak, wato Blue Nile. Magana ta taso kan gona da kuma neman da mutanenmu suka yi a ba su tasu sarautar gargajiya, maƙwabta suka ce ƙasar ta kakanninsu ce ba za a yi ba, kafin ka ce me Rusairis da Damazin sun kama, sama da mutum 100 sun tafi. Muka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Madani da Hartum. Aka zauna aka sa hannu aka yi fatiha, Oktoba na zuwa Wad al-Mahi ta sake fashewa, sama da mutum 150 cikin kwana biyu. To ina takardar da aka sa wa hannu ta shiga?

Kuma gsky ba ƙiyayya ce kawai ta faɗo daga sama ba. An ƙara tsawon dam ɗin Rusairis aka gama a 2013, ruwa ya ci ƙauyuka aka kwashe mutane aka zuba su wuri ɗaya, ga yaƙin da ya ɓarke a jihar tun 2011, ga Sudan ta Kudu ta ɓalle makiyaya sun rasa hanyoyin da suka saba, ƙasar noma ta yi kaɗan mutane sun yi yawa. Duk tattaunawar da za ta kauce wa maganar gona, wa ke noma ina, da izinin wa, kan wane sharaɗi, wlh ɓata lokaci ne. Sai dai ko ita maganar gonar ba ta yiwuwa tsakanin mutanen da ba su san tarihin juna ba.

Nan ne abin yake ci mini rai. A makaranta an koya mana daular Funj ta Sinnar daga 1504 har Turkawa suka shigo 1821, an koya mana Mahadiyya, madalla. Amma ni dai ban taɓa jin usta ya tsaya gaban allo ya ce yara, akwai hanyar alhazai da ta taso daga Kano ta bi Barno da Wadai da Fashir da Ubayyid har Sawakin, mutane sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin ta da ƙafa da jaki wasu suka zauna suka hayayyafa ba. Ban ji an ce Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello ya jawo sauran jama'a har bakin kogi kusa da Sinnar aka kafa Mai Wurno ba. Da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, hannun su wa ya tsinci audugar nan? Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 kuma ta ce sai wanda asalinsa ke nan tun kafin ƙarshen 1897, kun ga ke nan jama'ar Mai Wurno tun a takarda aka bar su a bakin ƙofa, har yau jikokinsu na shan tambaya wajen neman lambar ɗan ƙasa. Yaron Barta, ƙabilar maƙwabtanmu a Nil Azrak, da ba a gaya masa wannan ba, in aka ce masa jiya-jiya muka zo daga Najeriya me zai hana ya yarda?

To mu kuma fa? Kar mu yi ta nuna wasu da yatsa. Mu nawa ne muka iya ko gaisuwa da yaren Barta ko na Ingasana, alhali kasuwa ɗaya muke ci shekara da shekaru? Mu nawa muka san abin da ya same su na kamun bayi a zamanin Turkawa, da yadda manyan gonakin tarakta suka cinye musu daji, wanda shi ya sa in aka taɓo maganar ƙasa jikinsu ke rawa? Unguwarmu daban, masallacinmu daban, aure a tsakaninmu, yaro ya yi halwa, wato makarantar allo, ya sauke sai gona, lokacin yankan riɗi a cire shi daga aji, yarinya kuwa aji shida an gama magana. Halwa alheri ce ni ma can na fara, amma in almajiran duka 'yan gida ɗaya ne to ba a nan zai san maƙwabci ba.

Yanzu kuma ga yaƙin da ya fara 15 ga Afrilu 2023, a ƙarshen shekarar UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ba sa zuwa makaranta. Makarantu sun koma wurin kwanan 'yan gudun hijira. Wadda ke bayan gidanmu na shiga na gani da idona, an ɗaure igiyar shanya daga ƙusar allo zuwa taga, an jera bencina an shimfiɗa tabarma a kai, murhu a bakin ƙofar aji. A nan wata baiwar Allah da ta gudo daga Madani, malama ce albashinta ya tsaya, ta tara yara ƙarƙashin bishiyar darbejiya tana rubuta musu baƙi da gawayi a jikin katanga. Akwai namu, akwai 'yan Nuba, akwai 'yan Jazira, fensir ɗaya a karya biyu a raba. Na ga wani ɗan namu yana koya wa na kusa da shi ƙirga da Hausa, wancan yana dariya wai bakwai ta fi ƙarfin bakinsa. Iyayensu mata kuma suna can takiyya, wurin dafa abincin sadaka, tukunya ɗaya suna dafa adas, wani irin wake, ba wadda ta tambayi wata ƙabilarta kafin ta miƙa mata ludayi. Ba banner ba kuɗin mota.

Shi ya sa nake roƙon ƙungiyoyinmu na Hausawa, na nan da na 'yan uwa da ke Jidda da Makka masu turo taimako, Allah ya saka, amma in za ku buɗe darasi kar ku rubuta na 'ya'yan Hausawa kawai. Ku buɗe wa duk yaron unguwa, ku ɗauko usta ko daga wace ƙabila yake ku biya shi ko rabin albashi ne, a ware rana ɗaya a mako a kira dattijo daga kowane ɓangare ya zo ya ba yara labarin yadda kakanninsa suka zauna a wurin. Masu admin na guruf kuma, muryar da ba ku san wanda ya yi ta ba ana zagin ƙabila sukutum, ku goge ta ku cire mai turowa ko yayanku ne. Wanda ya gama sakandare yana zaune a gida ba aiki, awa biyu bayan la'asar ba za ta kashe shi ba, malamar nan ta bayan gidanmu har yanzu ita kaɗai ce kuma yaran ƙaruwa suke kullum, alli ma ba ta da shi.