Shunayyan ƙyalle a kan gicciye

Mu da muka tashi a ECWA, azumin kwana 40 kafin Ista ba namu ba ne. Mun bar wa 'yan Katolika da 'yan Angilika. Mu dai ranar Jumma'ar da aka gicciye Yesu a yi sujada, Lahadi a rera waƙoƙin tashinsa, shi ke nan. Gicciye kuwa yana bango bayan mumbari shekara da shekaru, har ido ya saba da shi ya daina ganinsa.

A majami'ar Presbiteriyan da nake zuwa a nan Sikotlan, gicciyen irin namu ne, katako zalla babu siffar Yesu a kai, domin a tuna ya tashi. Amma da azumi ya kama sai a rataya masa shunayyan ƙyalle, ya sauko ta hannuwa biyu. Ranar Jumma'ar da aka gicciye Yesu a cire a sa baƙi, safiyar Ista a sa fari. Ba wanda ke durƙusa masa. Sai dai duk wanda ya shigo, can idonsa ke fara sauka.

Kakannin mutanen nan fa su ne suka farfasa irin waɗannan alamu. A 1559 John Knox, jagoran da ya raba ekklesiyar Sikotlan da Katolika, ya yi wa'azi a garin Perth, jama'a suka auka wa siffofin da ke cikin majami'a. A 1640 babban taron ekklesiyarsu ya ba da umarni a rushe duk abin da ya yi kama da gunki, a 1642 aka kayar da gicciyen dutse na ƙauyen Ruthwell, wanda aka sassaƙa tun ƙarni na 8. Fasto Henry Duncan ne ya tattara gutsattsarin ya sake kafa shi a 1823, a 1887 aka shigar da shi cikin majami'a. Tsawonsa ya haura mita 5, sai da aka haƙa masa rami a daɓe. Har yau ana ganin inda aka haɗa karayar. Kirsimeti ma bai zama ranar hutu a ƙasar ba sai 1958.

Ban raina tsoronsu ba. Sarki Hezekiya ya farfasa macijin tagulla da Musa ya yi, da ya ga Isra'ilawa suna ƙona masa turare. Amma ina ganin jikokin Knox sun yi daidai da suka dawo da gicciye, suka kuma ba shi makonni shida na tunani.

Abin da ke damuna shi ne mu. A nan gicciye ba ya jawo wa kowa komai. A gida, gicciyen da ke kan rufin kwano shi ke nuna ginin na wane ne, kuma akwai garuruwan da masu bi suka biya wannan da jininsu. Bahaushen da ya bi Yesu ya san abin da ya bari a gidan ubansa. Duk da haka yini ɗaya tak muke ba wa labarin wahalar Almasihu, alhali muna kallon yadda Ramadan ke sauya wa maƙwabtanmu wata guda cur.

Dattawan ekklesiya za su iya farawa bana. Yadi biyu na shunayya daga kasuwa, 'yan zumuntar mata su kalmashe bakinsa, fasto ya raba surorin ƙarshe na Markus a kan Lahadi shida.