Wai na kashe kuɗi na je kallon ruwa

Jiya da daddare a teburin mai shayinmu na Tudun Wada aka tasa ni gaba da tsiya, wai na je Caina saro kayan sola na ɓige da yawon kallon tafki. Kawu, tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya ce "kai ɗan nan, ruwa ai ruwa ne, in kallo kake so ga gadar Kaduna nan je ka tsaya kyauta." Aka yi ta dariya har da ni, amma maganar ta tsaya min a rai, shi ya sa na ce bari dai in amayar da ita a nan.

Ƙanena da ke karatu a can ne ya matsa min mu je kallon wani tafki a yankin Tibet bayan na gama lodi a Gwanzu. Baƙo ba ya shiga Tibet sai da takardar izini ta musamman, ita ma sai ta hannun kamfanin yawon buɗe ido, da ta fito muka nufi Shinin, gari ne mai Musulmi sosai, muka yi sallah a babban masallacinsu, muka cika ciki da taliya da naman sa sannan muka hau jirgi. Daga nan zuwa Lasa, babban birnin Tibet, kilomita 1,956 ne, sama da awa 20 kana zaune. Ku kwatanta da Rigasa zuwa Idu da take 186, sau goma kenan har da ɗoriya.

Sai an wuce garin Golmud ake fara hawa na gaske. Nan suke sakin iskar shaƙa a cikin tarago, kuma akwai 'yar kafa kusa da gado da za ka jona siririn tiyo ka sa a hanci in abin ya yi tsanani. Ni da nake cika baki wai na saba da sanyin Jos, wallahi kaina ya dinga sarawa kamar ana daka sakwara a ciki, ledar biskit da ke jakata ta kumbura tam kamar balan-balan, biro kuma ya yi min aman tawada a aljihun farar shadda. A mashigar duwatsun Tangula layin ya kai mita 5,072 sama da teku. Kaduna da muke zaune ba ta wuce wajen 600 ba.

Abin da ya fi ɗaure min kai wasu bututun ƙarfe ne da aka kakkafa a gefen layin kamar turakun shinge. Ashe wajen kilomita 550 na hanyar a kan ƙasa mai ƙanƙara a ciki aka shimfiɗa shi, in ta narke layin zai lotsa, to bututun nan su ke zuƙe zafi don ƙasar ta zauna a daskare. Ga gadoji dogaye a kan tsandauri inda ko ɗigon ruwa babu, dabbobin dawa na bi ta ƙarƙashi abinsu. Tun 2006 jirgi ke bin nan.

Tafkin kuwa Namtso ake ce masa, ma'anarsa tafkin sama, daga Lasa mota ce ta kai mu, yana kan mita 4,718. Shuɗi ne shar kamar yadin da aka tsamo daga marina yanzun nan, duwatsu farare fat a bayansa, ruwan kuma na gishiri. Taku goma sai ka tsaya ka huta. Da muka zo sallah ƙanena ya ce "Yaya a hankali za ka ɗago daga sujada fa," ban ji ba, sai da na ga taurari da rana tsaka. Indomi ma ƙin dahuwa ta yi yadda ya kamata, don ruwa a can yana tafasa tun bai yi zafin kirki ba.

Ba na ce Caina ta gina layin nan don ƙaunar 'yan kallo ba ne, akwai siyasarsu a ciki kuma ba duk mutanen Tibet ne suka yi murna da shi ba. Na kuma san ana fama da kuɗin shinkafa, ba kowa ke da halin irin wannan tafiya ba. Abin da ke cin raina namu ne. Mu a Kaduna tsoron hanya ne ya koya mana shiga jirgin ƙasa, bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022 kuma tsoron ya biyo mu har cikin taragon, kowa da carbi ko waya a hannu, ba mai leƙa taga, burinmu kawai a iso. Ban ga laifin kowa ba. Amma in an ce wai duwatsu ne suka hana a kai jirgi Mambila ko a gyara na Jos, nan ne zan ce a'a. Dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419 ne, bai kai rabin Tangula ba. Tun 1914 Turawa suka hau da ƙaramin layi daga Zariya zuwa Jos saboda kuza, aka rufe shi a 1957, wani kuma ya bi ta Kafanchan. Yau yaron da aka haifa a Kakuri, yana jin ƙamshin tashar jirgi, bai taɓa ganin duwatsun Kagoro ko ruwan Matsirga ba sai a TikTok.

Ina ambaton Kafanchan Kawu ya ajiye kofi. Ya fara lissafo tashoshi da ka, su Iri, Kutura, Zonkwa, da yadda mata ke miƙo doya da mangwaro ta taga jirgi na tafiya ana cillo musu kuɗi. Shi da ya ce ruwa ruwa ne, sai da mai shayi ya sake ɗumama masa shayin sau biyu, ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce bai kai Jos ba.