Ka Tambaya Ne?

Jiya da daddare na kira gida, kwana tara ke nan ina kan hanya. Maiɗakina ta ce ƙaramin yaronmu ya yi kwana uku da zazzaɓi, ita kaɗai ta kai shi asibiti, har ya samu sauƙi. Na ce, "Me ya hana ki gaya min?" Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ka tambaya ne?" Wallahi har yanzu maganar na sukata a zuciya.

Barci ya ƙi zuwa, sai labarin Daniel Boone ya faɗo min a rai. Ba'amurke ne da aka haifa a 1734. Ya yi yaƙin ƙwatar 'yancin Amurka daga Ingila, kuma a 1775 ya jagoranci sare hanya zuwa Kentucky, ya kafa garin Boonesborough a dajin da mutanen Shawnee, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, ke farauta tun kaka da kakanni. Har yau akwai garuruwa masu sunansa.

To matarsa Rebecca fa? Ya aure ta a 1756. 'Ya'ya goma ta haifa masa, ga marayun ɗan'uwansa a hannunta. A 1769 ya fita farauta, sai bayan shekara biyu ya dawo. Shekara biyu, jama'a! Gona, jinya, kukan dare, duk a kanta. A 1773 aka kashe babban ɗansu James a hanyar ƙaura. A 1778 Shawnee suka kama Boone sama da wata huɗu, ta ɗauka ya mutu, ta kwashe yara ta koma North Carolina. A 1782 wani ɗan nasu, Israel, ya rasu a yaƙin Blue Licks. Filayen da aka sha wannan wahala dominsu kuwa, bashi da rikicin takardu suka lamushe, a 1799 suka sake ƙaura zuwa Missouri. Baiwar Allahn nan nake ta tunani, ba jarumtarsa ba.

Shi dai ba waya a zamaninsa. Kai fa, ɗan'uwa? Waya na hannunka dare da rana. Ka amsa wa abokin ciniki, ka yi sharhi a Facebook, ka zauna majalisa har sha biyun dare, amma "ya kuka kwana?" ta gagare ka. Ka tura kuɗin cefane ka ce ka sauke nauyi. Haba Alhaji! Haba Malam! Hadisin kyautata wa iyali duk mun haddace shi, a wajen ɗaurin aure ma mu ke karanto shi.

Na san nema kake yi, Allah Ya sa albarka. Amma wadda ta riƙe maka gida amana ce, kuma za a tambaye ka.

Don Allah ka kira ta. Ka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, da sunansu. Ka ce mata sannu da ƙoƙari, ka nemi gafararta. Ba gobe ba, yanzu. Don Allah.