Kuɗin yatsun leburori ne fa, ba kuɗin shigar gwamnati ba

Tun da ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta fito a watan Agustan 2025 ta zargi gwamnatin tarayya da kwashe kashi 40 cikin 100 na kuɗin asusun NSITF, wato hukumar da ke biyan diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki, tana zubawa a baitulmali, abin nan yake ci mini tuwo a ƙwarya. Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne masu kare lamarin, wai ai duk hukumar gwamnati da ke tara kuɗi dole ta miƙa kason gwamnati. Haba jama'a! NSITF kwastam ce? Ko rijiyar mai gare ta?

Kuɗin nan dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ce ta kawo su, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu. Mai kamfani ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata, daga aljihunsa, kuma doka ta hana shi ya zaftare daga albashin ma'aikaci. An tara su ne saboda ranar da inji zai ci hannun wani, ko birkila ya faɗo daga saman bene, ko ƙura ta lalata wa mutum huhu, har da wanda ya yi hatsari a hanyarsa ta zuwa wurin aiki. In ma'aikaci ya rasu a bakin aiki ya bar mata da yara 2 ko fiye, kashi 90 cikin 100 na albashinsa doka ta ce a riƙa ba su duk wata. Wannan kuɗin marayun ne wani yake zaune a ofis mai sanyi a Abuja yana lissafa shi cikin kuɗin shiga.

Kuma asusun da ma can ya sha wuya, ba mu manta ba a 2022 aka je gaban kwamitin majalisar dattawa aka ce wai gara ta cinye takardun kashe kuɗi na sama da naira biliyan 17. Gara fa.

Akwai wani yaro a layinmu, yana aikin dare a wani kamfanin leda, inji ya datse masa yatsu 3 na hannun dama wajen ƙarfe 3 na dare, abokan aikinsa ne suka naɗe hannun da tsumma suka sa shi a adaidaita sahu zuwa asibiti. Da gari ya waye manaja ya zo dubiya, ya biya kuɗin ɗinki, ya ajiye ambulan ƙarƙashin filo ya ce Allah ya kiyaye gaba. Babansa ya yi ta godiya har da raka shi bakin mota. Da na ce a nemi haƙƙin yaron sai tsohon ya ce mini, "Malam, ƙaddara ce, a bar wa Allah." Yanzu yaron yana tsaron wani shagon cajin waya. Ba wanda ya gaya musu cewa akwai kwana 14 na sanar da mai kamfani, shi kuma yana da kwana 7 ya kai rahoto NSITF, ko cewa in shekara ta wuce ba a shigar da buƙata ba magana ta fara lalacewa.

Mun yarda da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya sa diyyar yatsa ɗaya raƙuma 10. Masu kamfani sun gane muna jin nauyin neman haƙƙi, shi ya sa suke saye mu da dubiya. Wasu kuma su ce ai ɗan wucin gadi ne, ba ma'aikacin dindindin ba. Ƙarya ne wallahi, dokar ta ambaci na wucin gadi da mai koyon sana'a, har ɗan aikin gida da ba dangin maigida ba, ko da baki aka yi yarjejeniyar.

Wani abu da na daɗe ina faɗa, ta yaya banki da ma'aikatansa ke zaune a kujera zai biya kashi 1, kamfanin fasa dutse ko masana'antar jima a Challawa ta Kano da mutane ke wuni cikin sinadari su ma kashi 1? Dokar da kanta ta ba da damar a rarraba sana'o'i gwargwadon haɗarinsu, kowa ya biya daidai da nasa. Ranar da mai kamfani ya san duk hannun da injinsa ya ci zai ƙara masa kuɗin da zai biya baɗi, da gudu zai sayo safar hannu ya sa wa inji murfi. Masu cewa hakan zai kori masu zuba jari, su fara zuwa su ga hannun yaron nan tukuna.

Dole gwamnati ta cire hannunta daga asusun, ta mayar da duk abin da aka ɗiba. Jami'an NSITF kuma su fito daga ofis su shiga masana'antun Sharaɗa da Bompai, da dare ba da rana ba, su ƙirga mutanen da ke kan inji su gwada da sunayen da aka ba su a takarda.