Tsoro ne ya gina su, ba son kallon teku ba

Jama'a ku bar ni in faɗi ra'ayina kan hotunan nan da ake ta yaɗawa na tsofaffin ganuwoyin da ke kan duwatsu a tsibiran Girka, kowa na rubuta masha Allah wuri mai kyau. Eh wurin na da kyau, ba musu. Amma ni duk sanda na ga hoton irin kufan nan abin da ke fara zuwa min a rai shi ne, wane irin tashin hankali ne zai sa masunci ya bar kwalekwalensa a bakin ruwa ya kwashi mata da yara ya hau ƙololuwar dutse inda ko rijiya babu?

Ku ɗauki tsibirin Ejina, daga tashar jirgin ruwa ta Firiyas kusa da Atina, babban birnin Girka, tafiyar kamar awa ɗaya ce. Akwai wani kufai a tsakiyarsa da suke kira Faliyokora, shi ne babban garin tsibirin tun wajajen ƙarni na 9 har zuwa shekarun 1820. Mutanen sun gudo ne daga gaɓa saboda 'yan fashin teku da ke sauka su kwashi mutane su sayar. Sai suka yi gidajen da dutsen wurin, kalarsu ɗaya da tsaunin, don kar mai jirgi ya hango gari daga nesa. Ruwan sha kuwa har na sama ake tarawa a tankunan da aka haƙa, komai na masarufi a kai ko a bayan jaki ake hawa da shi, kuma haka aka rayu shekaru ɗaruruwa, a haifi mutum ya tsufa ya mutu teku na gabansa amma tsoronta yake ji.

To ɓuyan ya yi amfani? A 1537 Hairuddin Barbarosa, babban kwamandan jiragen ruwan Daular Usmaniyya, ya iso lokacin da suke yaƙi da daular Benis (a Italiya ta yau), ya ci garin, aka kashe maza aka tafi da dubban mata da yara bayi. A shekarar dai ya yi wa wata Faliyokora ɗin ta tsibirin Kitira irin wannan, ita ba a ma sake zama a cikinta ba. Na san da yawanmu jarumi muke ɗaukar Barbarosa, kuma a fagen yaƙin ruwa jarumin ne, ga nasarar Firebeza a 1538 nan, kuma abin mamaki shi kansa a tsibirin Lesbos na Girka aka haife shi. Amma fa talakan da aka kwashe daga Ejina ba shi ya haɗa faɗan ba. Kafin wani ya ce ai maganar addini ce, ku saurara: a 1654 Morosini kwamandan Benis, Kirista ɗan'uwansu, shi ma ya zo ya ragargaji garin nan ya kwashi ɗaruruwan maza su je su yi tuƙin jiragensa. Duk wanda ya zo da ƙarfi su yake takawa.

Yawancin ganuwoyin ma ba don talaka aka yi su ba. Bayan mayaƙan Turai sun ci Kusɗanɗiniyya a 1204 suka raba tsibiran kamar gado, wani Marko Sanudo ya kama Naksos wajajen 1207 ya gina fadarsa a kan tudu, manya a ciki sauran jama'a a ƙasa. A wasu tsibiran kamar Antifaros dabara aka yi, aka jera gidaje manne da juna bayansu ya zama katangar, a rufe ƙofa da dare kowa ya kwana da ido ɗaya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka bar wuraren. Ba wanda ya kore su. Da Girka ta samu kanta, Faransa kuma ta kama birnin Aljas, matattarar 'yan fashin teku, a 1830, fashin ya yi sauƙi, kawai mutane suka tattara suka gangaro bakin ruwa. Na tsibirin Sikiyatos suka bar garinsu mai gadar katako da ake janyewa, na Ejina kuwa tun kafin nan suka koma gaɓa, har garin nasu na bakin ruwa ya riƙe gwamnatin Girka na ɗan lokaci a 1828 zamanin Kafodistiriyas, shugaban ƙasar na farko. Ko waiwayen Faliyokora ba su yi ba, wurin da kakanninsu suka zauna kusan shekara dubu fa.

Yau gidajen Faliyokora sun zube, coci-coci talatin da wani abu ne suka saura a jikin dutsen, wasu da zanensu na bango. Masu cewa zamanin da ya fi daɗi, ku hau da jarka ɗaya ta ruwa a kai da tsakar rana a watan Agusta, in kun sauko sai mu yi maganar.