Uwa mai sana'ar hannu: ta sayar ko ta koyar kyauta?

Duk inda aka ga uwa mai zaman gida ta iya saƙa ko ɗinki ko haɗa sabulu, nan da nan mutane ke rabuwa biyu a kanta. Wasu su ce ta mayar da abin sana'a, mai irin wannan hannu bai kamata ta zauna haka ba. Wasu su ce ai baiwa ce, ta koya wa 'yan'uwanta mata kyauta. A ganina kowanne da gaskiyarsa. Wanda ke cutar da mata shi ne na ukun da ba a cika magana a kansa ba, wato aikin da bai zama kyauta ba, bai kuma zama ciniki ba, irin na "ki ba da kuɗin kaya kawai".

Matsalar tana farawa daga yadda ake kallon lokacin uwa. Ana ɗauka tunda tana gida, lokacinta a banza yake. Alhali rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna mata ne ke yin sama da kashi 76 cikin 100 na sa'o'in aikin kula da gida da iyali da ba a biya a duniya. Awa biyun da take samu bayan yara sun yi barci, daga hutunta ta yanko su. Wanda ya ci wannan lokaci ba tare da ya biya ba, barcinta ya ci.

Don haka mai son sayarwa ta fara da agogo kafin talla. A ce rigar sanyi ce ta jariri da kwarashi, ta ci awa 10. Ta rubuta kuɗin ulu da maɓallai, ta ɗora kamar kashi 10 cikin 100 saboda ragowar zare da wanda ya lalace. Ta yanka wa kanta ladan awa ɗaya, ta ninka sau 10. Sannan ta shigar da ƙananan abubuwan da ke cin riba a ɓoye: wuta, datar waya, ledar naɗe kaya, aikawa, alluran da ke karyewa, gyaran keke. In a intanet take sayarwa, akwai kason dandalin. Etsy, misali, yana cire kashi 6.5 cikin 100 na kowane ciniki tun 2022, ban da sauran kuɗaɗensa. Riba sai bayan duk wannan. Mata da yawa a nan suke gano cewa farashin da ya dace ya fi ƙarfin masu saye, domin rigar masana'anta ta fi arha nesa ba kusa ba. Wannan ma amsa ce mai amfani: ko dai ta koma ƙananan kaya masu saurin gamawa kamar hula da safa, ko ta bar abin a matsayin nishaɗinta.

Oda ita ce wurin da ake yawan faɗuwa. Mai saye ta zaɓi launi da girma, a kai rabi ta canza ra'ayi, ko a gama ta daina ɗaukar waya, kaya kuma an yi shi daidai jikin mutum ɗaya, ba ya sayuwa ga wani. Maganinsa rabin kuɗi kafin alƙalami, da rubuta awo da launi da ranar karɓa a saƙo guda da kowa zai iya komawa gare shi. Ranar karɓar ma a ƙara mata kwanaki, don zazzaɓin yaro ba ya sallama. A sayi ulun aiki ɗaya gaba ɗaya, mai lambar rini iri ɗaya, in ba haka ba hannun riga zai bambanta da jikinta. Yadin auduga a wanke shi kafin yanka, saboda yana tsukewa. Mai sabulu kuwa ta tuna cewa wanda aka haɗa da soda ba tare da dafawa ba yana buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin ya nuna, jarinta na kwance duk tsawon lokacin.

Masu cewa kuɗi na kashe daɗin abu ba su yi ƙarya ba. A 1973 Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett sun gwada yara masu son zane a Amurka. Waɗanda aka yi wa alkawarin tukuici, daga baya sun rage yin zanen don ra'ayin kansu. Yara daban, manya daban, amma duk wadda ta saƙa hula iri ɗaya sau 30 don cika oda ta san abin da ake nufi. Dabarar ita ce ta ware wani aiki da ba na sayarwa ba, wanda babu mai tambayar ta yaushe za a gama.

To ina kyautar take shiga? Ma'aunin da na fi yarda da shi: abin da za ta yi sau ɗaya mutane da yawa su amfana, ba da shi kyauta ba ya rage mata komai. Bidiyon minti 5 kan yadda ake fara sarƙar kwarashi, ko takardar awon riga, ko zama ɗaya a wata da maƙwabta. Sau da yawa ma shi ke jawo mata masu saye, don sun ga hannunta. Tsoron kada ɗaliba ta ƙwace kasuwa yawanci ya wuce kima. Sanin matakai daban, gwanintar shekaru daban. Amma koyarwa ta mutum ɗaya, da warware aikin da ya karkace, da amsa saƙonni cikin dare, wannan aiki ne, a sa masa farashi ko a sa masa iyaka. Ɗaliba kuma ta zo da kayanta.

Kyauta ba ta ɗauke nauyi. Wadda za ta koyar da sabulu dole ta koyar da awo da sikeli maimakon cokali, da safar hannu da tabarau, da cewa soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kan soda, kuma a yi aikin inda iska ke shiga, yara na nesa. In ba za ta iya tsayawa a kan wannan ba, gara ta bar koyarwar.

Idan kuwa 'yar'uwa ko ƙawa ta kawo aiki, a faɗa mata tun kafin a ɗauki allura: "Wannan kyauta ce daga gare ni, amma sai na samu sarari," ko kuma "Ga farashinsa, ga ranar da za ki karɓa."