Kafin ku miƙa kundin aikinku, ku gwada shi a kwamfutar wani

'Yan'uwana ɗalibai masu koyon rubuta umarnin kwamfuta da tsara rahoto da Markdown, LaTeX ko Quarto, lokacin miƙa kundin ayyukan zango ya matso. Don Allah ku saurare ni. Malamin da ya san aikinsa ba zai tsaya yabon kyawun PDF ɗinku ba. Sauke kundin zai yi a kwamfutarsa, ya sa ta sake gina rahoton tun daga tushe, ya duba ko alƙaluman da suka fito su ne waɗanda kuka rubuta. Idan aikin ya ƙi tashi, duk adon da kuka yi wa jadawali da zane ba zai cece ku ba, kuma bai zalunce ku ba.

Ku tuna abin da ya faru a 2013. An ba Thomas Herndon, ɗalibin tattalin arziki a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst a Amurka, aikin aji: ya zaɓi wani bincike da aka wallafa, ya sake lissafinsa. Sai ya ɗauki na Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff na 2010, wanda ya ce idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara, bunƙasar tattalin arzikinta kan faɗi ƙasa da sifili. 'Yan siyasa a Turai da Amurka sun riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihu. Herndon ya yi ta gwadawa, lissafi bai zo daidai ba. Da ya samu ainihin fayil ɗinsu na Excel, sai ya tarar lissafin ya tsallake ƙasashe biyar: Ostareliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmark. Bayan an gyara wannan da wasu matsaloli na zaɓen bayanai, bunƙasar ta koma kusan kashi 2.2. Manyan masana ne fa, amma shekara uku kuskuren yana ɓoye, saboda babu wanda ke iya bin sawun lissafinsu.

Abubuwan da ke kayar da ɗalibi ƙanana ne, shi ya sa ake raina su. Ka rubuta hanyar fayil da ta fara da C:\Users da sunanka, alhali wannan babban fayil ba ya kwamfutar malami. Ka yi kwaikwayon bayanai ba tare da set.seed ba, umarnin da ke sa lambobin da kwamfuta ke zaɓa kara-zube su fito iri ɗaya a kowane gwaji, sai ga kowane gwaji da sakamakonsa. Ka manta ka faɗi sigar harshen kwamfuta na R da ta fakitocin da ka yi aiki da su, ga shi fakitin renv na iya adana maka wannan. Wanda ya fi damuna shi ne kwafe alƙaluma da hannu cikin rubutu: bayanai su canza, jadawali ya canza, jimlar da ke ƙarƙashinsa ta ci gaba da faɗin tsohon labari. Ku bar umarnin ya saka lambar da kansa.

Tarihin Git, manhajar da ke adana duk canjin da aka yi wa kundi, shi ma shaida ne. Kundin da aka loda gaba ɗaya dare ɗaya kafin wa'adi ba ya nuna wa mai dubawa yadda ka yi tunani, inda ka yi tuntuɓe da yadda ka gyara, kuma wannan ne abin da ake son aunawa. Layin umarnin da ka samo daga intanet ko ChatGPT, ka faɗi inda ya fito, ka tabbata za ka iya bayaninsa idan an tambaye ka. Amana ce.

Saboda haka ka rubuta README, wato fayil ɗin bayani mai faɗin abin da za a girka da fayil ɗin da za a fara da shi. Sannan ka ba wani abokin karatu kundin, ya bi bayanin a kwamfutarsa kai kuma ka yi shiru. Duk inda ya tsaya ya tambaye ka, ka koma ka rubuta amsar a cikin README kafin ka miƙa.